Kayan suyar layya: me ya sa sai na maƙeri?

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce bana za ka yi layyarka ta farko a gidanka, mahaifiyarka kuma ta matsa sai ka ba maƙeri aikin murhu da kasko da wuƙa, alhali kanti cike yake da irinsu masu ƙyalli. Kana tambaya ko addini ne ya ce haka, ko al'ada ce kawai.

Addini dai bai ce sai wuƙar maƙeri ba. Abin da aka umarce mu shi ne a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Sauran al'ada ce, amma tana da dalili, kuma ina bayan mahaifiyarka.

Girkin waje ba irin na ɗakin girki ba ne. Wutar itace ba ta da makunni, ba ka rage ta da yatsa. Ranar suya tun hantsi ake hura ta, wani lokaci har bayan isha'i ba a sauke ba. Kaskon kanti marar kauri yana ɗaukar zafi wuri ɗaya, tsakiya ta ƙone, gefe bai soyu ba, kafin yamma ya lanƙwashe. Kaskon maƙeri yana da kauri, a hankali yake ɗaukar zafi, a hankali yake saki. Shi ya sa kitse yake narkewa bai ƙone ba, nama ya soyu har ciki, ya bushe yadda zai yi makonni a ajiye bai canja ba. Iyayenmu ba su da firji, wannan suyar ce ta riƙe musu nama.

Murhu kuwa asalinsa duwatsu ne, ka san kacici-kacicin nan, uku-uku ta gama gari. Ƙafa uku ba ta rawa ko da ƙasa ba ta daidaita ba. Da maƙera suka fara yin na ƙarfe, ba su sauya wannan lissafi ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, maƙeri zai tambaye ka girman kaskonka da irin itacen da kake samu, sannan ya yanke tsawon ƙafa. In ya yi gajere wuta ta shaƙe, hayaƙi ya cika wa mata ido. In ya yi tsawo iska ta kwashe zafin, itace ya ƙare a banza. Na kanti ba wanda ya auna shi da gidanka.

Ka bambance maƙeran baƙi da maƙeran fari, kada ka je inda ba nan ba. Na fari su ne masu azurfa da tagulla da kayan ado. Naka aikin na maƙeran baƙi ne, masu zuga-zugi da masaba da awartaki da uwar maƙera, masu hura wuta da gawayin ƙirya saboda ƙarfin zafinsa. A da tama ake haƙowa a narka. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya yawaita, narkar da tama ta yi ta ja baya har aka bar ta. Yau da rodi da tsohon sifirin mota suke aiki, kuma wuƙar sifirin tana riƙe kaifi ƙwarai in an iya tsoma ta a ruwa daidai lokacin da ya kamata. A nan ake gane gwani.

Ba ko'ina ake yi iri ɗaya ba. 'Yan'uwanmu na Nijar, kamar Yamai, sukan buɗe rago sukutum a kan sanduna, su jera kewaye da babbar wuta ya wuni yana gasuwa. Mu a nan suya muka fi yi, sai kai da ƙafa a babbaka. Don haka mu kasko ne babba a wurinmu.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Kayan maƙeri ana gyara shi. Hannun kasko ya cire, a mayar. Ƙotar wuƙa ta tsage, a sake. Kuma kaskon suya ba na gida ɗaya ba ne, yana zaga unguwa ranar suna da biki, a dawo da shi da ɗan nama a ciki. Kowane maƙeri da ya rufe maƙerarsa don an daina zuwa, ɗansa ba zai koyi sana'ar ba, kuma da wuya ta dawo gidan.

Ka je da wuri, kada ka bari sai watan Sallah ya kama, lokacin aiki ya yi musu yawa. Ka ba da aikin murhu, da kasko mai hannu biyu, da matsami mai dogon hannu don kada mai ya fallatso wa iyalinka, da wuƙar yanka ɗaya, da ƙarama ta fiɗa. Sabon kasko a goge shi da toka, a wanke, a ɗora a wuta da mai har ya yi baƙi kafin a zuba nama. In an gama aiki a shanya shi sarai, a shafa mai, a kife, tsatsa ba za ta kama shi ba.

Ka gaishe da maiɗakinka. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana.