Tambaya da Amsa: Wace motar lantarki ce za ta jure zafin Katsina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ma'aikaci ne a Katsina, iyalina kuma suna Daura, duk Juma'a nake tafiya in dawo Lahadi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ke cinye mini albashi. Na sa sola a gida, yanzu ina so in sayar da motata in sayi ta lantarki. An nuna mini guda biyu, duk 'yan Kwatano: Nissan Leaf ta 2018 da Hyundai Kona. Leaf ɗin ta fi araha nesa ba kusa ba, dillalin kuma ya ce ita ce daidai da mu, don ba ta da ruwa ba ta da lagireto, babu abin lalacewa. Kona ɗin AC ɗinta ba ya sanyi, amma ya ce in kai wa mai cika gas, ko in riƙa buɗe gilashi, caji ma zai fi daɗewa. Tsorona kada in zuba ɗan abin da na tara a motar da zafin bazara zai kashe wa batir. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoronka yana kan hanya, kuma abin da dillalin ya kira alherin Leaf shi ne ainihin cutarta.

Batirin lithiyam ya fi jin daɗinsa tsakanin digiri 20 zuwa 35. A Afrilu da Mayu Katsina tana haura 40 a inuwa, batirin kuma shimfiɗe yake a ƙarƙashin mota, tazarar taƙi ɗaya daga kwaltar da rana ta wuni tana gasawa. Ga zafin da shi kansa yake haifarwa in ana gudu ko ana caji. Don haka abin tambaya a kowace mota shi ne: ta ina take fitar da wannan zafin?

Leaf irin wannan ba ta fitar da shi ta ko'ina. Tun fitowarta a 2010 har zuwa wannan ta 2018 batirinta a rufe yake cikin akwatin ƙarfe, babu ruwa babu fanka, sai dai ya huce da kansa kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. A Ingila ko Japan ana iya zama da hakan. Amma a 2012 masu ita a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, inda bazara take kama da tamu, sun yi ta kukan batiransu suna rage ƙarfi cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Kamfanin ya gyara haɗin sinadaran daga baya, amma a lokacin bai sa ruwa ba. Ita wannan ta 2018 mai batirin kilowat-awa 40 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) an san ta da wata ɗabi'a: in ka yi mata cajin sauri sau biyu ko uku a tafiya ɗaya, batirin ya ɗau zafi, sai ta rage ƙarfin cajin da kanta ka zauna kana jira. Kuma maganar ba ta da ruwa ma ƙarya ce. Buɗe bonet za ka ga tankin ruwan da ke sanyaya injin lantarkin da inbata. Batirin ne kawai aka bari ga Allah.

Kona mai kilowat-awa 64, irin wadda aka fara haɗawa a Legas a 2020, tana da faranti mai siraran hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙwayoyin batirin. Famfon lantarki yana zagaya ruwan ya kai shi lagireto. Tesla ma da ruwa take yi. BYD Atto 3 kuwa gas ɗin AC ne kai tsaye ke bi ta jikin batirin, kamar yadda BMW i3 take yi. Za ka ji ana yabon wasu motocin da cewa suna da famfon ɗumi, wanda ke juya aikin AC ya ɗumama cikin mota da ƙaramar wuta. Wannan na mutanen Norway ne. Sanyin hunturunmu bai kai ka ƙara ko kwabo a kansa ba.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci, don kusan kullum sai na yi wannan bayanin a gareji.

Mun saba a motar fetur AC jin daɗi ne. Ya mutu, ka sauke gilashi, mota ta ci gaba da tafiya shekara goma. A motar lantarki mai ruwa ba haka ba ne. Ka yi lissafi da kanka: iskar waje tana digiri 42, lagireto kuma ba zai taɓa sanyaya ruwa ƙasa da zafin iskar da ke busa shi ba. To ta yaya za a riƙe batir a 30? Akwai wata 'yar na'ura inda bututun gas ɗin AC yake haɗuwa da bututun ruwan batir, gas ɗin ya janye zafin ruwan. Shi ya sa za ka ji Kona tana ajiye a caji, babu kowa a ciki, kwamfiresa ya tashi da kansa yana ƙara. Ba aljani ba ne, kuma ba lalacewa ba ce. Batirinta take yi wa fifita. Saboda haka Kona da AC ɗinta ba ya sanyi, a watan Afrilu, ta kusa zama Leaf. Wanda ya ce ka bar shi haka bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani ya yi shiru.

Shawararsa ta a kai wa mai cika gas ta fi wannan haɗari. Kwamfiresan motar fetur bel ne ke juya shi. Na motar lantarki yana da nasa injin a cikinsa, yana shan wutar babban batir kai tsaye, sama da volt 350, kuma naɗin wayoyinsa tsundum suke cikin gas da man kwamfiresa. Dole man ya zama wanda wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa, irin wanda ake kira POE, ko dai ainihin wanda kamfanin ya rubuta. Mai cika gas na bakin titi kuwa man PAG ne a gorarsa, na motocin fetur, wanda ke zuƙar danshi ya kuma ba wuta hanya. Ko bai zuba ba, tiyon geji ɗin da ya gama amfani da shi a kan Golf minti goma da suka wuce yana ɗauke da ragowar man.

Bara aka jawo mini wata da igiya. Mai ita ya kai an cika mata gas, ya ji sanyi, ya biya, har ya ƙara wa yaron na shayi. Bayan kwana biyu ta nuna jan gargaɗi a allon gaba, ta ƙi tashi. Na'urar tsaronta ce ta gano wuta tana tsiyaya zuwa jikin mota, ta yanke komai. Da muka kwance, man ya zagaye ko'ina. Sai da aka canza kwamfiresa da kondensa, wato lagireton AC, aka wanke bututai, kayan kuma sun yi makonni kafin su iso. Mutumin yana tsaye yana ta maimaita cewa ai gas kawai aka sa. Na je na sami mai cika gas ɗin, ba don faɗa ba. Ce mini ya yi shekara ashirin yana wannan aikin, AC duk AC ne. Ban musa masa shekarun ba, amma duk a kan motar fetur ya yi su.

Waɗannan su ne 'yan uwan masu cire tamostat su haɗa fanka dairet da zarar mota ta shigo daga Kwatano, wai an ƙera ta ne don ƙasar sanyi. Injin fetur yana haƙuri da wannan wulaƙancin. Motar lantarki kwamfuta ce ke buɗe bawul da rufe shi gwargwadon abin da na'urorin awon zafi suka gaya mata; ka taɓa ɗaya, ka rikita sauran. Haka masu yage ledar fiya wata su tuttula a tankin ruwan sanyaya batir don sun ga ruwan ya yi ƙasa. Wannan ruwan yana da gishiri-gishiri, yana barin tsatsa da ƙasa-ƙasa a hanyoyin da ba su wuce kaurin tsinken tsintsiya biyu ba, a wurin da ba a isa gare shi sai an sauke batir gaba ɗaya. Wasu Kona ma ruwa na musamman ake zuba musu, wanda wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa sosai, kuma ba a gauraya shi da kore ko jan da ake sayarwa a kasuwa. Tsarin a rufe yake. In ruwa ya ragu, to yana zuba ne a wani wuri, sai a nemo wurin. Duk wayar da ka gani mai launin ruwan goro kuma ta wutar babban batir ce, kada ka bar wanda bai koyi aikin ba ya kai hannu.

Batun buɗe gilashi don caji ya daɗe kuwa, rowar banza ce. In cikin mota ya riga ya yi sanyi, AC bai cika wuce kilowat 1 zuwa 2 ba. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, awa ɗaya da 'yan mintuna. Tafiyar kanta za ta ci kilowat-awa 12 zuwa 14, AC ya ci biyu. Ƙafarka ce ke shan caji: juriyar iska a gudun 120 ta ninka ta gudun 85. Rage gudu, ka kunna AC ɗinka. In da hali ka kunna shi tun motar tana jone, sanyin farko ya fito daga solarka.

Leaf ta 2018 a takarda tana kai kilomita 270 tana sabuwa, Kona ta haura 400. Duba sandunan lafiyar batirin Leaf a allo, guda 12 ne, kuma na farko ba ya ɓacewa sai batir ya yi asarar kusan kashi 15 cikin ɗari. Wadda ta rasa biyu, zuwa da dawowa kilomita 160 da AC ba tare da caji a Daura ba, da addu'a za ka shigo gari. Ga mai zirga-zirgar Kofar Kaura zuwa ofis, mai rumfar ajiye mota, ba zan hana shi Leaf ba. Kai ba shi ba ne.

Kowacce ka saya, zafi da cikakken caji in suka haɗu su ne ke tsufar da batir. Tsayar da ita a kashi 80, sai daren da za ka yi tafiya ka cika. Na san sola da rana take ba da wuta, to a yi cajin a ƙarƙashin rumfa, ba a tsakar gida a kan siminti ba. Bayan hunturu a busa kondensa da iska, don ƙurar Janairu takan toshe shi kamar an shafe da laka, kuma kada yaran wankin mota su sa masa ruwan injin mai ƙarfi, haƙarƙarinsa yana lanƙwashewa.

Kona nake ba ka shawara, amma kada ka ba da ko kafin alƙalami sai an sa mata kwamfuta an karanta lafiyar batirin da tarihin gargaɗinta, an gano ta inda gas ɗin ya zube. Ka tambayi dillalin, kana kallon idonsa, ko an taɓa cika mata gas tun da ta sauka daga jirgi, da kuma wanda ya cika. In ya fara kame-kame, a cire kuɗin sabon kwamfiresa daga farashin, ko ka nemi wata.