Tambaya da amsa: Za mu Yankari, me ya kamata mu saya?

Wani ɗan uwa daga Kano ya rubuto: "Malam, mu biyar ne muka haɗa kuɗi za mu Yankari a watan Agusta. Wani ya ce mu sayi tanti, wani ya ce madubin hangen nesa, kuma kuɗin ba su da yawa. Wanne za mu ɗauka?"

To ɗan uwa, kafin a zo zancen saye ku fara canza watan nan tukuna. Agusta fa tsakiyar damina ce, ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ya kwanta ko'ina, dabbobin kuma sun bazu cikin dajin da ya haura murabba'in kilomita 2,200, to me zai fito da giwa bakin hanya alhali ga ci ga sha a inda take? Amma daga Janairu zuwa Afrilu kududdufai sun ƙafe, dole kowa ya gangaro kogin Gaji ya sha, a nan ne ake katarin ganin giwa da ɓauna da gwanki. Na ce katari fa, don ba gidan zu ba ne, wani sai ya zagaya har sau biyu bai ga komai ba sai birai da gadu.

Tanti kam ku manta da shi. Akwai ɗakunan kwana a sansanin Wikki, wato masaukin baƙi na cikin dajin da ke kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, kuma manyan biran nan da ake kira bika ba su da kunya ko kaɗan, ƙofar ɗaki ma in ka bari a buɗe shiga suke su yi gaba da burodi, balle wani yadi mai zif. Kuɗin tantin ku ƙara ku kwana, don fita zagaye da sassafe ko da yamma lis ta fi armashi, wanda ya iso da azahar ya juya da la'asar wanka kawai ya zo yi. Madubin ku sayi guda ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa, mai lamba 8x42 ya wadatar, ko na hannu ne ba laifi in dai gilashin bai yi hazo ba. Ku gwada shi a bakin shago, ku hango wani allo mai nisa, in kun ga rubutun ya rabu biyu ku ajiye masa kayansa.

Wata Hajiya daga Zariya ta ce: "Zan je da yara uku, wane irin kaya zan ɗinka musu, kuma ya batun shiga ruwan?"

Hajiya kar ki ɗinka komai don Allah, ba biki za a je ba. Launi kawai za ki kula da shi. Akwai tsando a dajin, cizonsa da zafi, kuma ba abin da yake bi kamar baƙi da shuɗi, saboda haka baƙar abaya da shuɗin hijabi su zauna a jaka lokacin zagaye. Ruwan ƙasa ko launin kaki mai dogon hannu, da kambas maimakon silifas, da hula, sai maganin sauro na shafawa.

Ruwan Wikki kuwa ɗuminsa wajen digiri 31 ne dare da rana, rani da hunturu, garau kina hango yashin ƙasa. Garau ɗin nan ne ke ruɗin mutane, sai ki ɗauka bai kai gwiwa ba, alhali wajen gindin dutsen da yake ɓuɓɓugowa yana shanye babba. Yara su tsaya ta ƙasa inda ba zurfi, ki saya musu rigar iyo mai ɗaurewa a ƙirji, ta fi tayar nan ta hurawa da ke suɓucewa. In kina son ki shiga ba idon jama'a, ki sauka da sassafe, kuma ki kauce wa ranakun sallah da Kirsimeti don cika wurin yake maƙil.

Sai mai tambaya ko ƙaramar motarsa za ta kai, ko sai ya yi hayar jif.

Za ta kai. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai sauran tafiyar wajen kilomita 40 kafin Wikki. Ka cika tanki tun a Bauchi, ka duba safaya, ka riƙe tsabar kuɗi don sabis na iya ɗaukewa transfa ta maƙale. Zagaye cikin dajin dai ba a fita sai da jami'in rakiya, kuma gara ka biya ka hau motarsu da ka kashe shokofzoban taka. Ka tambayi halin da hanya take ciki kafin ka taso, kuma ka lissafa tafiyar yadda za ka isa ƙofa da sauran rana.