Wa ke goge wa tauraron ɗan Adam farantin sola?

Tambaya: Malam, da hunturu ya kama sai na riƙa goge farantin solar gidana, in ba haka ba wuta ta ja baya. To na tauraron ɗan Adam da ba mai hawa ya duba, yaya ake sanin wutar da zai bayar nan da shekara 15?

Amsa: Malam, can sama ba ƙura ba hazo, rana ma ta fi ƙarfi: kusan wat 1,361 kan murabba'in mita guda, alhali naka da 1,000 aka gwada shi. Abin da ke cinsa daban ne. Wasu ƙwayoyi ne masu gudun tsiya, ilaktoron da furoton, daga rana da kuma ɗamarar Van Allen, wato zoben irin waɗannan ƙwayoyi da ya kewaye duniya. Suna ratsa farantin suna rage masa ƙarfi sannu a hankali, kamar gara a azara.

Don haka tun a ƙasa ake sa samfurinsa a gaban na'ura, a yi masa ruwan ilaktoron, cikin ɗan lokaci ya sha abin da zai sha a shekaru, sannan a auna abin da ya rage. Sai a sako zafi cikin lissafin, domin faranti in ya yi zafi wutarsa raguwa take.

Ɗauki tauraron sadarwa mai zama a nisan kilomita 35,786. Wajen ƙarshen Yuni haske na zuwar masa a karkace da digiri 23.5, ya yi asarar kusan kashi 8 cikin 100, ga shi lokacin duniya ta fi nisa da rana. A Maris da Satumba kuwa inuwar duniya kan rufe shi har minti 72, sai batir ya karɓa. Injiniya ba ya yanka faranti don ranar harbawa. Mafi munin rana a shekarar ƙarshe yake kallo. Shi ya sa sabon tauraro ke tashi da rarar wuta.

A ganina lissafin tsufan faranti ya inganta sosai, inda yake tuntuɓe shi ne lalacewar farat ɗaya. NigComSat-1 na Najeriya, da aka harba daga Sin a Mayun 2007, an gina shi don shekara 15. A Nuwamban 2008 fikafikan solarsa suka samu matsala, wuta ta ƙare, ya mutu yana da wata 18 kacal. Sai a Disamban 2011 aka harba NigComSat-1R ya maye gurbinsa.