Makeron Ɗana Ya Ƙi Jin Man Shafawa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 7 ya yi makero a kai tun bayan ƙaramar Sallah. Na sayo man shafawa a kemis, wurin ya lafa, sai ya dawo har da ƙari, ga ƙanwarsa ma ta fara susar kai. Maƙwabciyata ta ce in goga masa tafarnuwa. Yaya zan yi? Kuma dole ne sai na ga likitan fata?
Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaran lafiya. Makeron kai ba ya warkewa da shafe-shafe, ko da man na gaske ne. Ƙwayar da ke kawo shi dangin fangas ce, kuma ba ta tsayawa a saman fata, cikin silin gashi take shigewa har zuwa saiwarsa, inda mai ba ya kaiwa. Shi ya sa gashin ke kakkaryewa, wurin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka.

Ɗauko kwalin man nan ki duba jikinsa. In kin ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, to ga dalilin lafawar da kika gani. Waɗannan sinadarai kumburi da ƙaiƙayi suke dannewa, su kuma rage wa fata ƙarfin kare kanta, ƙwayar ta samu sake ta bazu. Irin wannan man da ake haɗa magunguna uku a cikinsa, da ake miƙo wa kowa a kemis ba tare da an ga ciwon ba, yana ba mu wahala ƙwarai, domin kafin yaro ya iso gabanmu ya riga ya sauya wa ciwon kamanni. Ki daina shafa shi. Tafarnuwa kuwa ƙona fatar yaro take yi, balle man birki da wasu ke ɗiga wa 'ya'yansu.

Maganin na sha ne. Wanda muka fi bai wa yara shi ne griseofulvin, da aka fara amfani da shi tun 1958, ana shan sa kullum na tsawon mako 6 zuwa 8. Akwai kuma terbinafine, wanda galibi mako 4 ne. Da nauyin yaro ake yanke adadin, don haka sai an ɗora shi a sikeli, kada a kwaikwayi na ɗan maƙwabta. Griseofulvin ya fi shiga jiki in an sha shi da abinci mai maiƙo, ki ba shi bayan ya ci ƙosai ko ya sha madara ko kunun gyaɗa. Ba a bai wa mai juna biyu. Inda iyaye suka fi yin sake shi ne wajen mako na uku: gashi ya fara tsirowa, sai a ce an warke a ajiye magani, bayan wata guda a koma gidan jiya.

A haɗa da sabulun wanke kai mai ketoconazole sau biyu a mako, ga yaran gidan duka. Ba ya warkarwa, yaɗuwa yake ragewa. A raba musu matsefi, hula da matashin kai. In da hali ki saya masa kilifarsa, domin a wurin aski yara da yawa ke kwasowa. Makaranta kam ya ci gaba da zuwa da zarar ya fara shan magani.

Batun likitan fata, ba dole ba ne a matakin farko. Likitan babban asibiti zai iya rubuta muku maganin, ki tafi da ƙanwar ita ma a duba ta. Mu likitocin fata, bayan shekara 6 na karatun likita mukan ƙara wasu shekaru na ƙwarewa a asibitin koyarwa, kuma a Arewa an fi samun mu a irin Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Abin da za mu ƙara miki shi ne mu kankaro ɗan garin fatar da guntayen gashi a duba a na'ura, don ba kowane faɗuwar gashi ne makero ba.

Ki nemo mu in an kammala maganin bai tafi ba, ko in wurin ya kumbura ya yi taushi yana fitar da mugunya. Kada a bari wanzami ya tsaga shi da sunan maruru. Makeron ne ya yi tsanani, kuma in aka yi jinkiri yakan bar tabon da gashi ba ya sake fitowa.