Tambayoyin Masu Karatu: Shirin Hawa Dandamali a Rawar Gargajiya ta Indiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a wata jami'a da ke Chennai, kuma wata abokiyar karatuna ta gayyace ni bikin da suke kira arangetram na ƙanwarta, wadda ta daɗe tana koyon rawar Bharatanatyam. Na ga mutanen gidansu sun yi watanni suna kai da kawo kamar masu shirin aurar da 'ya, ita kuwa yarinyar kullum tana wurin malamarta. Don Allah wane irin shiri ne wannan, kuma me zan tarar idan na je?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Arangetram shi ne karo na farko da mai koyon rawa za ta hau dandamali ita kaɗai, ta yi cikakken wasa na kimanin awa biyu ko fiye a gaban jama'a, makaɗa suna yi mata kiɗa kai tsaye. Ba ita ke yanke shawarar cewa lokaci ya yi ba, ba kuma iyayenta ba. Malamarta ce ke da wannan hukunci, domin sunan malamar ne zai tashi ko ya zube a wannan dare. Yawancin yara sukan shafe shekaru masu yawa suna koyo kafin a ba su izini. Shahararriyar 'yar rawa Balasaraswati ta yi nata a garin Kanchipuram a shekarar 1925 tana 'yar shekara 7, amma ita a gidan kiɗa da rawa aka haife ta, don haka ba da ita ake auna sauran yara ba.

Shirin farko na jiki ne, kuma shi ne mafi wuya. Ginshiƙin wannan rawa wata tsayuwa ce da ake kira aramandi, inda mai rawa za ta haɗa dugaduganta, ta buɗe gwiwoyinta gefe da gefe, ta sauko ƙasa rabi alhali bayanta a miƙe yake. A wannan hali za ta riƙa buga ƙafa, tana juyi, tana tsalle. Duk wanda ya leƙa ajin koyo zai ga malama zaune a ƙasa da ɗan sanda a hannu tana buga wani guntun katako, tana furta "tai ya tai", ɗalibai kuma suna maimaita taku ɗaya a hankali, sannan da saurin da ya ninka na farko, sannan da wanda ya ninka na biyu, har cinyoyinsu su fara rawa don gajiya. Waɗannan takun na tushe ana kiransu adavu. A watannin ƙarshe kuwa, yarinyar za ta riƙa yin wasan gaba ɗaya daga farko har ƙarshe ba tsayawa, domin iya kowane sashe daban bai isa ba idan numfashi zai yanke a tsakiyar dare.

Abin da za ki kalla yana da tsari sananne mai suna margam, wanda ake danganta shi ga wasu 'yan uwa huɗu, Chinnayya da Ponnayya da Sivanandam da Vadivelu, waɗanda suka yi aiki a fadar sarki Serfoji na biyu a Thanjavur a farkon ƙarni na 19. Ana buɗewa da alarippu, gajeriyar rawa mai motsa ido da wuya da kafaɗu kafin ƙafafu su shigo. Daga nan sai jatiswaram, wadda taku ne zalla a kan kiɗa ba tare da labari ba, sai shabdam, inda kalmomin waƙa suke fara shigowa.

A kan sashe na huɗu nake so ki tattara hankalinki, wato varnam, domin a nan ake gane ko yarinya ta isa ko ba ta isa ba. Yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, wani lokaci ma ya haura, kuma ana saƙa shi ne da abubuwa biyu masu cin karo da juna. Za ta yi jerin taku masu sauri da lissafi mai sarƙaƙiya har gumi ya jiƙa ta, sai kiɗan ya lafa nan take, a buƙace ta ta nuna da fuska da hannu halin mace mai jiran masoyinta, ba tare da an ga tana haki ba. Mawaƙi zai maimaita baiti ɗaya sau da yawa, ita kuma kowane maimaici sai ta fito da wata ma'ana dabam: yanzu tana roƙon ƙawarta ta kai saƙo, an jima tana fushi, can kuma tana tuna wata haɗuwa da ta wuce. Wannan fasahar bayyana abin da ke zuciya ita ake kira abhinaya, kuma a ganina ta fi takun ƙafa wuyar samu, domin taku naci ke kawo shi, amma yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta nuna kewar da ba ta taɓa ɗanɗana ba har mai kallo ya yarda, wannan sai da malama mai haƙuri. Bayan an huta, sai waƙoƙi masu taushi da ake kira padam su biyo, a rufe da tillana mai zafi da walwala.

Makaɗan suna zaune ne a gefe ɗaya na dandamali: mawaƙi, da mai buga mridangam, wato ganga mai fuska biyu, da mai goge ko mai sarewa, sai malamar kanta riƙe da wasu ƙananan faifai biyu na ƙarfe tana bugawa tana furta lissafin taku. Yarinyar da ta saba atisaye da kiɗan da aka ɗauka a waya takan sha mamaki a gwajin farko da makaɗa, saboda ɗan Adam yakan ɗan ja ko ya ɗan yi sauri, shi ya sa ake ware kwanaki na gwaji tare da su kafin ranar.

A ranar kuwa, kwalliya kaɗai takan ci awoyi. Ana ɗinka kayan da siliki, da wani ninki a gaba wanda yake buɗewa idan ta sauko cikin aramandi. Ana ja mata kwalli mai kauri har ya zarce gefen ido, a shafa jan rini a yatsun hannu da gefen ƙafa, duk domin wanda ke kujerar baya ya iya karanta motsin ido da siffofin hannu, waɗanda na hannu ɗaya kaɗai sun kai 28. Ana ɗinke kayan ado a gashi da zare don kada su faɗo, sannan a ɗaura mata ƙananan ƙararrawa a idon sawu bayan malamar ta sa musu albarka. Ki sani kuma wannan rawa daga wuraren bautar Hindu ta fito, inda ake kiranta sadir, kafin mutane irin su Rukmini Devi Arundale, wadda ta kafa makarantar Kalakshetra a 1936, su fito da ita dandamalin zamani. Saboda haka za ki ga gunkin Nataraja, wato siffar Shiva, ɗaya daga cikin allolin Hindu, yana rawa, da fitila a gefen dandamali, kuma yawancin waƙoƙin na yabon allolinsu ne. Baƙo dai zama yake yi a kujerarsa ya kalla.

Game da hidimar da kika gani a gidan, akwai hayar zaure, da kuɗin makaɗa, da ɗinki, da mai hoto, da abincin baƙi. Malamai da yawa a Indiya suna kuka da yadda gasar kashe kuɗi ta fara danne rawar kanta, kuma ina tare da su, musamman ganin yara da dama suna ajiye rawa da zarar an watse, alhali wannan dare izini ne na fara fitowa gaban jama'a.

TAMBAYA: Malam, shin wannan ita ce rawar da muke gani a finafinan Indiya?

AMSA: A'a, ɗan uwa, ko da yake finafinai suna aro daga gare ta. Hukumar Sangeet Natak Akademi ta Indiya ta amince da nau'i 8 na rawar gargajiya mai ƙa'ida: Bharatanatyam, Kathak, Kathakali, Kuchipudi, Odissi, Manipuri, Mohiniyattam da Sattriya, wadda aka ƙara a shekarar 2000. Kowace da irin shirinta; ɗan wasan Kathakali na jihar Kerala, alal misali, yakan kwanta na tsawon awoyi ana zana masa fuska kafin ya fito. Rawar fim ana ɗaukarta gutsure-gutsure, a maimaita inda aka kuskure, mai dandamali kuwa ba ta da wannan damar.

TAMBAYA: To idan mai rawa ta manta taku a tsakiyar wasa fa?

AMSA: Yana faruwa, har ga ƙwararru. Abin da ke ceton ta shi ne lissafin kiɗa da ake kira tala, wanda yake zagayawa ya dawo mafari. Wanda aka fi amfani da shi, adi tala, bugu 8 ne. Ana horar da ita kada ta tsaya cak kuma kada fuskarta ta tona ta, sai ta ci gaba da riƙe bugun da ƙafarta har zagayen ya dawo, ta shiga daga nan. Malamar da ke gefe tana lura da ita, za ta ƙara ƙarfin bugun faifanta ko ta ɗaga murya wajen furta lissafin don ta jawo ta kan hanya, mai ganga kuma ya cike giɓin. Idan ukun nan sun yi gwaji tare yadda ya kamata, yawancin masu kallo ba za su san an yi kuskure ba.