Tambaya da Amsa: Wata Nawa Takardar Shaidar 'Yan Sanda Ke Yi Kafin Ta Mutu?

Wasiƙun wannan karon yawancinsu a kan abu guda suka faɗa, wato takardar da 'yan sanda ke bayarwa don shaida cewa mutum ba shi da tarihin aikata laifi, wadda ƙasashen waje ke nema kafin su ba da izinin zama. Mun zaɓi guda shida, mun taƙaita tambayoyin.

Assalamu alaikum. Na karɓi takardata a Kaduna ranar 10 ga Fabrairu don shirin Express Entry na Kanada, wato tsarin neman izinin zama na dindindin da ake zaɓar masu nema bisa maki. Gayyatar tura cikakkun takardu ba ta fito ba sai 20 ga Yuni. A jikin takardar an rubuta wata 3, amma wani ya ce mini Kanada wata 6 take lissafawa. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam, Malam. Sake karɓo sabuwa, kuma ka fara nema yau.

Wanda ya gaya maka wata 6 bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa. Ka'idar hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, kashi biyu ce: ɗaya na ƙasar da kake zaune yanzu, ɗaya na ƙasar da ka taɓa zama a baya. Takardar ƙasar da kake zaune a cikinta yanzu, dole ne kada ta wuce wata 6 da fitowa a ranar da ka tura cikakkun takardunka. Ka lura da ranar: ba ranar da gayyata ta zo ba, ba ranar da ka buɗe shafinka ba, ranar da ka danna turawa. Bayan gayyata kwana 60 kake da shi, wato kai wa'adinka zai cika 19 ga Agusta. Wata 6 ɗin takardarka kuwa zai cika 10 ga Agusta. Idan ka tsaya jiran takardar banki ko wasiƙar wurin aiki har ka tura ranar 15 ga wata, kana cikin wa'adin gayyata amma takardar ta riga ta mutu da kwana 5. A wannan ɗan tsakanin ne mutane da dama ke faɗawa, a dawo musu da neman a ce bai cika ba, su koma layi jiran wata gayyatar da ba su da tabbacin makinsu zai sake kaiwa.

Sai maganar wata 3 da ke jiki. IRCC ta ce tana karɓar takardar da wa'adin jikinta ya ƙare, amma da sharaɗi biyu: an bayar da ita bayan zamanka na ƙarshe na wata 6 ko fiye a waccan ƙasar, kuma ba ta ƙasar da kake zaune yanzu ba ce. Kai a Najeriya kake zaune, saboda haka wannan rangwamen bai shafe ka ba. Taka ta cika wata 3 tun 10 ga Mayu. Shawararmu ga duk mai zaune a gida ita ce ya kwatanta wa'adin jikin takarda da wa'adin ƙasar da yake nema, ya bi wanda ya fi gajarta.

Idan sabuwar ta zo, a ɗauki hoton asalinta da na'urar sikana, mai launi, duka shafin har da hatimi da lambar takarda. Kwafin baƙi da fari ko hoton kwafi ba su karɓuwa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, na samu aiki a wani asibiti a Ingila, zan tafi da maigidana. Shi ɗan kasuwa ne, yakan je Dubai ya daɗe: wata 5 a 2018, wata 4 a 2019, wata 5 a 2022. Bai taɓa yin wata 6 a jere ba. Shin yana bukatar takardar Dubai?

Malama, yana bukata. Batun “wata 6 a jere” ka'idar Kanada ce, kada ki ɗauko ta ki ɗora wa Birtaniya. Su a can tarawa suke yi: duk ƙasar da mutum ya zauna jimillar wata 12 ko fiye cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shekara 18 zuwa sama, ko a jere ko a rarrabe, sai ya kawo takardarta. Na maigidanki 5 da 4 da 5 sun kama wata 14. Ana neman wannan ne daga masu zuwa aikin lafiya, koyarwa da kula da jama'a, kuma ka'idar ta haɗa da miji ko matar da za su bi su.

Ku zauna da tsohon fasfo da sabo, ku bi hatiman shiga da fita ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta kwanakin a takarda. Kada a dogara da tuni, don mutum yakan ce “wata huɗu na yi” alhali hatimi ya nuna biyar da mako biyu. 'Yan sandan Dubai suna bayar da takardar ta intanet. Wanda ya taɓa riƙe katin zama na Emirates ID ya fi samun sauƙi, wanda kuwa bai da shi akan nemi ya aika zanen yatsunsa da aka tantance.

Taku ta Najeriya kada ta wuce wata 6 ranar da kuka tura neman biza, kuma kada wa'adin jikinta ya ƙare. Ki haɗa lissafinta da gwajin tarin fuka, wanda shi ma wata 6 yake yi. Abin da ya fi shi ne ki jira takardar ɗaukar nauyi ta fito daga asibitin, sannan ki yi waɗannan biyun kusa da juna.

Matata ce ta nema mana bizar zama a Amurka, ni da 'yarmu. Takardar 'yan sanda da na karɓa a Akara ta shekara ɗaya da wata 4, yanzu aka sa mana ranar ganawa. Yarinyar za ta cika 16 kafin ranar. Daga wani ɗan'uwa a Zangon Kumasi.

Taka tana nan da ranta. A da Amurka shekara 1 take ba wa takardar, yanzu shekara 2 ce daga ranar fitowa, kuma abin lura shi ne ta kasance ba ta cika ba ranar ganawa a ofishin jakadanci. Idan ta tsohuwar ƙasar da ka zauna ce kuma ba ka sake komawa can ba tun da aka bayar, ba ta mutuwa ko ta wuce shekara 2. Duk da haka karanta wasiƙar gayyata da umarnin ofishin jakadancin da kansa, kuma ka je da asalin takardar a hannu, ba kwafin da ka ɗora a intanet kaɗai ba.

'Yarka kuwa a nema mata tata tun yanzu. Amurka daga shekara 16 take farawa, haka ma Ostireliya, Kanada da Birtaniya kuma daga 18. Iyaye kan manta da wannan saboda lokacin da aka fara cike takardu yarinya tana da 14, kafin layi ya zo ta girma. Idan aka je babu, jami'i zai dakatar da bizar har a kawo, gwajin lafiya kuma nasa wa'adin yana ta tafiya.

Na yi karatu a Khartoum daga 2013 zuwa 2017, yanzu ina aiki a Jidda shekara 5, ina shirin barin aikin in dawo gida kafin in nemi zama a Kanada ko Ostireliya. Ta ina zan fara?

Ka fara da Saudiyya, kuma kafin ka karɓi bizar fita ta ƙarshe. Muddin iƙamarka tana da rai, neman takardar abu ne mai sauƙi, ana yi ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya. Da zarar an buga maka fita ta ƙarshe ka sauka Kano, abin ya zama wahala, sai bin ofishin jakadanci da neman wakili, wani lokacin ma a ƙare ba a samu ba.

Amma akwai tarko a nan game da Kanada. Ka'idarta ga tsohuwar ƙasa ita ce a bayar da takardar bayan zamanka na ƙarshe a can. Wadda ka karɓa saura wata biyu ka tashi ba ta rufe waɗannan wata biyun ba. Don haka ka neme ta a makon ƙarshe, kusa da ranar tashi iyakar iyawarka, ka adana kwafin iƙama, bizar fita, hatimin filin jirgi da wasiƙar sallama daga wurin aiki. Idan jami'i ya tambayi ratar kwanakin, waɗannan ne za su yi maka magana. Kafin ka yi komai, buɗe shafin IRCC na yadda ake samun takardar 'yan sanda, ka zaɓi Saudiyya: kowace ƙasa an rubuta irin takardar da suke karɓa daga gare ta, da abin da mazaunin ƙasar zai yi da abin da wanda ya bar ta zai yi. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ita ma tana da irin wannan jerin, ƙasa bayan ƙasa.

Bayan ka dawo, zuwa Hajji ko Umara ba zai kashe takardar a wurin Kanada ba, tunda ba zaman wata 6 ba ne. Ostireliya kuwa lissafinta wata 12 ne daga ranar fitowa, kuma tana neman takardar duk ƙasar da ka yi jimillar wata 12 cikin shekara 10.

Sudan ita ce mai wuya. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ofisoshi da yawa a Khartoum suka tarwatse. Da farko ka lissafa shekara 10 baya daga ranar da za ka tura: idan wata 6 ko fiye na zamanka a can sun faɗo ciki, Kanada za ta nema, kuma jami'i yana da ikon tambayar kowane lokaci tun cikarka 18. Idan kana da wadda ka karɓa bayan kammala karatu kuma ba ka koma ka zauna ba, tsufanta ba aibi ba ne, haɗa ta da fassarar Turanci ko Faransanci daga mai fassarar da aka amince da shi. Idan ba ka da ita, kada ka bar gurbin a wofi. Rubuta wa ofishin jakadancin Sudan, ajiye wasiƙar da amsar da suka ba ka ko shaidar aikawa, ka rubuta gajeren bayani mai kwanan wata na abin da ka gwada, ka ɗora su a gurbin takardar. Jami'i ne zai yanke hukunci, amma bayani mai shaida ya fi shiru nesa ba kusa ba.

Wani a shagon kwamfuta ya ce in ba shi hoto da kuɗi, gobe zai kawo mini takardar ba sai na je an ɗauki yatsuna ba. Ya halatta?

Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka. Amfanin takardar gaba ɗaya shi ne an gwada zanen yatsunka da rumbun bayanan masu laifi, wanda babban ofishinsa ke Alagbon a Legas. Hanyar da rundunar 'yan sandan Najeriya ta tanada ita ce shafin POSSAP: ka yi rajista da lambar NIN ko BVN, ka cike bayanai, ka ɗora shafin fasfo, ka biya ta lambar biyan da shafin ya fitar, sannan ka je inda aka tura ka a ɗauki yatsu. Mai shago zai iya taya ka cikewa, amma ba zai ara maka yatsa ba. Idan aka gano takardar ta jabu ce, Kanada tana haramta wa mutum shiga shekara 5, Birtaniya har shekara 10, Amurka kuwa haramcin na iya zama na har abada. “Ban sani ba, wani ne ya yi mini” ba ya wanke mutum, don kai ne ka sa hannu.

Kafin ranar ɗaukar yatsu, mata su guji ƙunshi a kan yatsu na 'yan makonni, domin lalle mai kauri, musamman baƙi, yana hana na'ura karanta zanen. Magina da masu wanki da guga da yatsunsu suka side su ɗan huta wa siminti da omo na 'yan kwanaki, su riƙa shafa mai da dare.

Idan takarda ta fito, kada ka bar wurin sai ka aza ta kusa da fasfo ka karanta harafi bayan harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can. Abdullahi a matsayin sunan uba a ɗaya, sunan tsakiya a ɗaya. Ranar haihuwa ta NIN daban da ta fasfo. Waɗannan su ne suka fi jawo tambaya. Macen da ta sauya suna bayan aure ta bayyana sunanta na da tun wurin nema, ta haɗa da takardar aure.

Ni haifaffen Maraɗi ne, ina zaune a Yamai. Shekara 9 da suka wuce kotu ta ci ni tara kan wani faɗa, na biya. Zai hana ni? Kuma takardarmu ta Nijar ta isa?

A Nijar takardar ba daga 'yan sanda take fitowa ba, daga kotu ce: casier judiciaire, kashi na 3, wanda magatakardan kotun garin haihuwa ke bayarwa, kuma wata 3 take yi. Tunda Maraɗi za a nemo ta, ka sa kwanakin tafiya ko na aike cikin lissafi. Da Faransanci take, don haka Kanada za ta karɓa yadda take, Birtaniya da Ostireliya kuwa sai da fassarar Turanci.

Maganar tarar, ko ba ta fito a takardar ba, ka faɗa inda fom ya tambaya ko an taɓa kama ka ko yanke maka hukunci. Ƙaramin laifi guda ɗaya da ya daɗe ba kullum yake hana biza ba, ana duba irinsa da hukuncin da dokar waccan ƙasar ta tanadar masa. Ɓoyewar ce laifin da ba a yafewa da sauƙi. Je kotun da ta yi shari'ar ka nemi kwafin hukuncin mai hatimi da rasidin biyan tara. Amurka tana neman bayanan kotu ko da an yi wa mutum afuwa daga baya. Ka nemo waɗannan tukuna, tunda ba su da wa'adi kuma binciko tsohon fayil kan ɗauki makonni, casier ɗin kuwa ka bar shi sai saura mako biyu ko uku ka tura takardunka.