Na'urar ji ga tsoho: ta kasuwa ko ta asibiti?

Assalamu alaikum ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka ce yana Tahoua, ya haura shekara 70, yana jin ana magana amma kalmomin ba sa fita, kuma ka rasa zaɓi tsakanin ƴar na'urar da ake tallarta a Facebook da mai tsadar da sai an zo Yamai an auna.

Kada ka fid da ko dala tukuna. A fara kai shi wurin likitan kunne, wato ORL, ya leƙa ciki. Dauɗar kunne in ta daskare tana toshe ji, kuma wanke ta aikin ƴan mintoci ne. In kunnen fes yake, sai a yi awon ji, odiyogram. Takardar awon ita za ta nuna desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) nawa ya rasa a kowane kunne. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 35 zuwa 49 matsakaici ne, 65 zuwa 79 mai tsanani. Duk wanda zai sayar maka da na'ura bai tambayi takardar nan ba, kuɗinka kawai yake so. Amma fa in jin ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko kunnen na zubar da ruwa, wannan na asibiti ne a ranar.

Rashin jin tsufa sautuka masu siriri yake fara ci, irin su s, sh, f da ts, shi ya sa Baba ke jin kaurin muryarka amma ta jikoki ta ɓace masa. Ta kasuwa lasifika ce kawai, komai take ɗagawa: ƙarar kabu-kabu, injin niƙa, cokali a kwano. Maganar da ake nema sai ta nutse cikin hayaniya. Kwana uku ya cire ta ya jefa aljihun riga, shi ke nan kuɗi sun tafi. Ta gaskiya kuwa da kwamfuta ake saita ta bisa awonsa, ta ɗaga inda ya rasa, ta bar sauran, kuma tana da iyakar ƙarar da ba ta wucewa don kada ta ƙarasa kunnen.

Farashi ya danganta da mai sayarwa, amma ga abin kwatance. A Faransa tun 2021 an ƙayyade na'urar rukuni na farko, wato mai sauƙin kuɗi, ga manya kada ta wuce yuro 950 kunne ɗaya, kusan sefa 623,000, da garantin shekara 4 da gwajin kwana 30. Kamfanoni irin su Phonak, Oticon da Signia duk suna da ta ƙasa da ta sama. Abin da ake biya a ta sama shi ne haɗi da waya da tace hayaniyar taro. Tsohon da rayuwarsa gida, masallaci da rediyo, ta ƙasa da aka saita da kyau ta ishe shi, a ganina ma ta fi ta sama da babu mai saita ta kusa.

Ka ɗauki ta bayan kunne, mai roba da aka ɗauki siffar kunnensa aka yi. Ƴar mitsitsiyar da ke shigewa ciki tana da kyan gani, amma yatsun tsoho ba sa riƙe ta, dauɗa da gumi na toshe ta, pil ɗinta kuma, wato batirinta, ba ya jimawa.

Wurin pil ne lissafi ke ɓoye. Lamba huɗu ne: 10 mai rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Lamba 13 takan yi kamar kwana 10, wato wajen 36 a shekara, kunne biyu 72, fakiti 12 ke nan mai shida shida. Na'urar takan yi kamar shekara 5, sai ka tambayi kuɗin fakiti ka ninka sau 60 ka ɗora kan farashin. Ka kuma bincika ko ana samun lambar a Tahoua ko sai an yi sautu daga Yamai. Pil ɗin da iska yake aiki: in an ɓare takardar bayansa a jira minti ɗaya kafin a sa, kuma da an ɓare ya fara ƙarewa ko ba a sa ba. Mai caji ta raba ka da wannan, sai dai tana son wuta kowane dare, zafi kuma na rage ƙarfin batirinta.

Ƙurar hunturu da gumin bazara su ke kashe na'ura a nan. Da dare a goge ta da busasshen ƙyalle, a buɗe ƙofar pil, a sa ta a gwangwani mai ƙwayoyin tsotse danshi. A cire ta kafin alwala, nan ake yawan jiƙa ta. Bututun roba yana taurara ya tsage cikin ƴan watanni, yana cikin abubuwan da ke sa fiton da ake ji, canza shi kuma ba tsada. In ta yi shiru, a duba toshewar dauɗa kafin a ce ta mutu.

Kafin ka biya, ka sa a rubuta maka garanti, da sau nawa za a sake saitin kyauta, da inda ake gyara. Makonnin farko komai zai yi masa ƙara, har takun takalminsa. Ya fara da awa biyu ko uku a gida yana ƙarawa, sannan a koma a daidaita. Kuɗin motar zuwa Yamai da dawowa sau biyu ko uku ma ka sa su a lissafi. In ɗan'uwa ya aiko da wadda wani ya yi amfani da ita daga waje, ana iya mora, amma sai an sake saita ta da awon Baba an kuma yi masa sabuwar roba.